Nazari a Kan Garin Münden na Ƙasar Jamus: Yadda Mahaɗar Ruwa Ta Zama Shinge

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe taswirar ƙasar Jamus ya bi Kogin Weser da yatsa, tun daga inda ya faɗa Tekun Arewa a Bremerhaven yana yin kudu, zai ci karo da wani abin mamaki. Bayan kimanin kilomita 450 sai sunan kogin ya ɓace, alhali kuwa ruwan bai ƙare ba. A daidai wannan wuri kogin ya rabu biyu, reshen gabas ana ce da shi Werra, na yamma kuma Fulda. A cikin lungun da ke tsakanin rassan nan biyu akwai wani ɗan gari zaune, wanda mutanensa duk da na ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa ba su kai 25,000 ba. Sunan garin Münden. Yana can ƙarshen kudancin jihar Niedersachsen, kimanin kilomita 20 daga birnin Kassel, kuma bai fi kilomita 30 daga Göttingen ba, garin nan da ya yi suna saboda jami'arsa.

A darussan labarin ƙasa akan koya mana cewa duk inda koguna biyu suka haɗu, ko ba daɗe ko ba jima gari zai tsiro a wurin, domin hanyoyi uku ne suka game, inda hanya ta game kuwa nan kasuwa take ci. Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Mahaɗar ruwa tana kawo matafiyi, sai dai ba ta zaunar da shi. Jirgin da ya taso daga kudu yana iya bi ta gaban gari ya wuce abinsa, matuƙinsa ya ɗaga wa mutanen gaɓa hannu, ba a ƙaru da shi da ko anini ba. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, arzikin da Münden ta yi na kusan shekara 600 ya samo asali ne daga ikon da ta samu na tsayar da duk abin da ke bisa ruwan. Za a duba yadda yanayin wurin ya fara kafa wannan shinge, da yadda doka ta ɗaure masa gindi, da kuma abin da ya sami garin bayan an janye shi.

Sunan Garin da na Kogunansa

Ya kamata mu fara da sunaye, tun da yake suna linzami ne, kuma a nan sunayen suna ɗauke da rabin labarin. A Jamusanci kalmar Mund tana nufin baki, su kuma Jamusawa da bakin kogi suke kiran wurin da kogi ke zuba ruwansa cikin wani kogin ko cikin teku. A nan sai mai fassara ya yi hattara, domin in Bahaushe ya ce bakin kogi, gaɓa yake nufi, watau inda ake wanki da shayar da dabbobi. Fassarar da ta dace da Münden ita ce Magama, kamar dai yadda muke da garuruwa masu wannan suna a ƙasarmu. Tsohuwar siffar sunan ita ce Gimundi, wadda aka samu a rubuce tun wajen ƙarni na 9, tana nufin wani ƙauye da ke hayin kogin. Akwai garuruwan Jamus da dama da suka sami sunansu ta wannan hanya, alal misali Gemünden da Neckargemünd da Travemünde.

A takardun hukuma ana rubuta sunan Hann. Münden. Wannan guntuwar kalma ta farko taƙaitawa ce ta Hannoversch, watau "ta ƙasar Hannover". Dalilin liƙa ta shi ne, a kan wannan kogin dai, kimanin kilomita 200 ta arewa, akwai wani gari mai suna Minden, kuma wasali ɗaya ne tak ya raba sunayen biyu. Wasiƙu da kaya sun sha ɓatan kai a tsakaninsu. A shekarar 1991 aka tabbatar da taƙaitacciyar siffar a matsayin sunan garin na hukuma.

Sunayen kogunan sun fi wannan ban sha'awa ga ɗalibin harshe. Masana sun nuna cewa Werra da Weser asalinsu kalma ɗaya ce. A tsofaffin takardu ana samun siffofi irin su Wisera da Wisaraha da Wirraha, duka kuwa kogi ɗaya ake nufi tun daga mafarinsa a tsaunukan Thüringen har teku. Fulda kuma a wancan lokaci ana ɗaukar ta a matsayin reshe ne da ya zo ya zuba a ciki. A bakin mutanen kudu wasalin da ke tsakanin s da r ya faɗi, sa'an nan r ta nashe s, aka sami rr. Irin wannan naso ba baƙo ba ne a gare mu, shi ne yake sa "rigar Musa" ta koma "rigam Musa" a bakin mai magana. Mutanen arewa kuwa suka riƙe s ɗinsu. Abin lura shi ne, iyakar manyan karorin Jamusanci guda biyu ta bi ta kudu da Münden kaɗan. Daga nan zuwa arewa, a tsohon karin gargajiya, ana cewa ik da maken da Water, a Kassel kuwa ich da machen da Wasser, watau "ni" da "yi" da "ruwa". Ke nan abin da taswira take nunawa a matsayin haihuwar sabon kogi, a haƙiƙa wurin da lafazi ya sauya ne. Duk da haka a shekarar 1899 mutanen garin suka kafa wani ƙaton dutse a ƙarshen tsibirin Tanzwerder, daidai inda ruwan biyu suka haɗu, aka sassaƙa 'yan baitoci a jikinsa masu cewa a nan Weser ya samu. Masu yawon buɗe ido sun fi yarda da dutsen a kan masana harshe.

Yanayin Wurin

Werra ta fi tsawo, tana da kimanin kilomita 300. Fulda kuwa, wadda ta ɓuɓɓugo daga tsaunin Wasserkuppe, kimanin 220 ce. Dukansu ba sa ƙafewa. Ruwansu yakan cika ya tumbatsa a ƙarshen hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara take narkewa a kan tsaunuka, ya kuma ja baya a ƙarshen lokacin zafi, har tafiyar jirgi mai nauyi ta yi wuya. Mahaɗar tana bisa tsayin da bai kai mita 120 daga doron teku ba, saboda haka daga nan zuwa teku Weser tafiyar sannu yake yi, ba gangara mai ƙarfi.

Garin yana cikin kwari ne kamar an ajiye shi a gindin akushi. Tuddai uku masu duhun daji sun kewaye shi: Reinhardswald ta yamma, Bramwald ta arewa maso gabas, da Kaufunger Wald ta kudu. Dutsen tuddan nan jan dutsen yashi ne, kogunan suka yi ta zaizayarsa shekaru aru-aru har suka yanka wa kansu ƙunƙuntattun hanyoyi. Wannan ya haifar da abubuwa biyu. Na farko, filin noma ya yi ƙaranci ƙwarai, don haka tun asali garin ba zai iya dogara da gona ba. Abin da tuddan suka bayar shi ne katako, da itacen da ake hura wutar narka gilashi, da dutsen niƙa wanda ake fasawa a kusa da gari ana kai shi nesa. Na biyu, duk wata hanya, ta ruwa ce ko ta ƙasa, tilas ta matse ta bi ta wannan kwari. Mutanen garin sukan yi alfahari da cewa wai mashahurin matafiyin nan Alexander von Humboldt ya sa garinsu cikin garuruwa bakwai da suka fi kyan mazauni a duniya. Ba a sami wannan magana a cikin rubuce-rubucensa ba, amma ta yi wa garin amfani fiye da maganganu da yawa da aka tabbatar.

Zaman kwari yana da nasa haraji. A watan Yuli na shekarar 1342 aka yi wata ambaliya da ta shafi tsakiyar Turai baki ɗaya, ta kuwa shanye Münden. Har yanzu akwai alamomi a jikin bangayen garin da ke nuna inda ruwa ya kai a ambaliyoyi daban-daban.

Sai dai abu mafi muhimmanci a yanayin wurin ba ya fitowa a taswira, domin a ƙarƙashin ruwa yake. A cikin Werra, dab da garin, akwai wani fā da ya gitta kogin, ya sa ruwan wurin ya yi ƙaranci, ana kiran wurin Werrahohl. Jirgi mai kaya ba ya iya ƙetare shi. Bugu da ƙari, jiragen da ke bin Werra da Fulda ƙanana ne masu shimfiɗaɗɗen gindi, na Weser kuwa manya ne. Saboda haka tun kafin wani sarki ya ce uffan, ɗan kasuwar da ya iso nan sai ya sauke kayansa, ya sauya jirgi. Wannan fā ya zauna a wurin har shekarun 1870, sa'ad da aka gina madatsa da ƙofar ruwa wadda ke ɗaga jirgi ta sauke shi.

Dokar Shekarar 1247

A shekarar 1183 aka fara ambaton Münden a matsayin gari mai cikakken matsayi, a cikin wata takarda ta Ludwig na Uku, sarkin Thüringen. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wancan zamani, har ma zuwa ƙarni na 19, babu wata ƙasa ɗaya dunƙulalliya mai suna Jamus. Masarautu ne birjik, manya da ƙanana, kowace da iyakarta da kuɗinta da harajinta. A shekarar 1247 gidan sarautar Thüringen ya ƙare da mutuwar Heinrich Raspe, wanda bai bar magaji ba. Cikin rikicin gadon da ya biyo baya Münden ta koma hannun Otto, sarkin Braunschweig da Lüneburg, na gidan sarautar Welf. Otto ya san darajar abin da ya samu, ya kuma san cewa gari na bakin iyaka sai da lallashi. Don haka a wannan shekarar ya ba garin wani haƙƙi da Jamusawa ke kira Stapelrecht. Stapel tsibin kaya ne, Recht kuma haƙƙi, saboda haka za mu kira shi dokar jibge kaya.

Abin da dokar ta ƙunsa ba shi da yawa. Duk ɗan kasuwar da ya biyo da kaya ta Münden, wajibi ne ya sauke su, ya baje su har kwana uku, domin mutanen gari su sayi abin da suke so kafin ya ci gaba da tafiya. Wanda ya san labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, da yadda suke biyan kuɗin fito a mashigai, zai gane irin wannan ciniki. Amma dokar jibge kaya ta fi fito cizo. Fito kuɗi ne kawai, a biya a wuce. Ita kuwa wannan lokacin mutum take ci, ta kuma ƙwace masa zaɓin kasuwa. Ɗan kasuwar Münden yana zaune a ƙofar gidansa ake kawo masa hajar kudu da ta arewa, ya zaɓi ta zaɓe a kan farashin da bai haɗa da wahalar sauran tafiyar ba, sa'an nan ya sayar gaba da riba.

In aka bi kuɗin da kwana ukun nan ke zubarwa, za a ga kusan babu gidan da bai samu ba. 'Yan dako suna sauke kaya su kuma loda. Masu awo suna aunawa. Masu rumbuna suna karɓar kuɗin ajiya. Masu masauki suna ba da ɗaki da abinci, masu keken doki suna jigila, maƙera da kafintoci suna gyaran jirage da ganguna. Daga baya baƙin 'yan kasuwa suka ga ya fi musu sauƙi su damƙa kayansu ga wani ɗan gari ya tsaya musu, kamar yadda fatoma yake yi, sai aka sami gidajen dillalai masu ƙarfin gaske. A bisa wannan kuma masu jiragen garin suka haɗa ƙungiyar sana'a, suka sami gatan cewa jirgin baƙo ba ya fitowa daga Fulda ya shiga Weser. Sunayen matsayan jirage na garin har yau suna faɗin inda kowace hanya ta nufa: akwai na Bremen, da na Kassel, da na Wanfried, wanda shi ne gari na ƙarshe da jirgi ke kaiwa a kan Werra.

Daga kudu ana gangarowa da hatsi da katako da gilashi da yadin lilin, da kuma wani ganye da ake nomawa a kewayen Erfurt mai suna Waid. Wannan ganye shi ne babban Turai. Shuɗin da ke fita daga cikinsa iri ɗaya ne da na baban da ake rini da shi a karofi, kuma kafin baban Indiya ya cika kasuwa, shi ne marinan Turai suka dogara a kansa. Daga arewa kuwa, watau daga Bremen, ana hawowa da kifin teku mai gishiri da sauran kayan da jiragen teku ke kawowa. Hawan nan aiki ne ja wur, domin da igiya ake jan jirgin daga gaɓa, da farko mutane ke ja, daga baya dawaki, tafiyar takan ɗauki makonni.

Abin da aka tara ya fito a jikin garin. Gadar dutse ta kan Werra, wadda aka ambata tun shekarar 1329, tana nan tsaye. Tsakanin 1603 da 1618 aka sake wa gidan majalisar gari fasali, aka yi masa fuska mai ado irin wadda ake yayi a garuruwan bakin Weser a lokacin. Attajirai kuma suka yi ta gina gidaje masu hawa uku da huɗu, waɗanda ake kafa ƙashinsu da manyan katakai a cike tsakani da yumɓu ko tubali.

Fada da Yaƙi

Na wani ɗan lokaci Münden ta zama mazaunin sarauta. Sarki Erich na Ɗaya ya gina fada a bakin Werra a shekarar 1501. Da ya rasu a 1540 ɗansa yana yaro, sai matarsa Elisabeth ta riƙe mulki. Ita ce ta shigar da ƙasar cikin tafarkin Martin Luther a shekarar 1542, kuma a 1545 ta rubuta wa ɗanta littafi na musamman a kan yadda ake riƙon jama'a. Ɗan, Erich na Biyu, bai bi ta ba, ya koma Katolika, ya ƙare yawancin rayuwarsa a ƙasashen waje. Shi ne dai ya sake gina fadar bayan gobarar 1560. Da ya mutu a 1584 ba magaji, zaman sarauta a garin ya ƙare.

Baƙar ranar garin ta zo ne a cikin Yaƙin Shekara Talatin. A lokacin bikin Fentikos na shekarar 1626 Tilly, jagoran rundunar Katolika, ya yi wa garin ƙawanya, a ciki kuwa akwai sojojin sarkin Denmark. Ya nemi a miƙa wuya aka ƙi, ya yi ta ruwan igwa har ganuwa ta fashe, sojojinsa suka shiga suka karkashe fiye da mutum 2,000, soja da farar hula. Wurin da ya kawo wa garin arziki shi ya jawo masa wannan, domin mai son mallakar hanyar Weser ba zai bar Münden a bayansa ba. A Yaƙin Shekara Bakwai ma, tsakanin 1756 da 1763, sojojin Faransa sun mamaye garin ba sau ɗaya ba.

Maƙwabta Suna Neman Mafita

Wanda dokar jibge kaya ta fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne sarkin Hessen da ke zaune a Kassel. Babban birninsa yana kan Fulda, amma ƙofar da zai fita teku tana hannun wani, kuma mai ƙofar yana karɓar rabonsa a kan kowane buhu. Sarki Karl, wanda ya yi mulki har zuwa 1730, ya ƙudura sai ya kewaye wannan shinge. Kimanin kilomita 45 arewa da Münden akwai wani ɗan kogi mai suna Diemel da ke zuba cikin Weser, wurin kuwa ƙasar Hessen ce. A shekarar 1699 ya kafa sabon gari fil a wurin, ya haƙa masa tashar jirage a tsakiya, ya zaunar da Faransawa 'yan Furotesta waɗanda suka gudo daga ƙasarsu bayan an haramta musu addininsu a 1685. A 1717 aka sa wa garin suna Karlshafen, watau tashar Karl. Niyyarsa ita ce ya haƙa hanyar ruwa daga Diemel har Kassel, jirage su daina ganin Münden ko daga nesa. Aikin ya ci kuɗi, tuddai suka tsaya a gaba, abin da aka haƙa bai kai kilomita 20 ba sarkin ya rasu, aka watsar. Ashe dai doka guda ta shekarar 1247 ta isa ta sa a gina gari sukutum bayan shekara 450.

Labarin da ya fi nuna halin wannan doka shi ne na Denis Papin. Shi ma Bafaranshe ne ɗan gudun hijira, masanin kimiyya, wanda ya ƙago tukunyar da ke dafa abinci da matsin tururi a shekarar 1679, ya kuma yi gwaje-gwajen farko a kan yadda tururi zai tura inji. Ya koyar a Jami'ar Marburg, daga baya ya koma Kassel ƙarƙashin sarki Karl ɗin nan. A shekarar 1707 ya yi niyyar komawa Landan, ya ƙera wani jirgi wanda maimakon filafilai na hannu, ƙafafu ne masu fukafukai a gefensa suke juyawa suna tura ruwa. Ya san da gatan masu jiragen Münden, don haka ya nemi abokinsa, masanin falsafar nan Leibniz, ya samo masa izinin wucewa daga hukumomin Hannover. Ba a ba da izinin ba. Duk da haka ya ɗebi iyalinsa ya gangaro Fulda a watan Satumba. Da ya iso yankin Münden masu jiragen suka jawo jirgin gaɓa suka farfasa shi. Papin ya isa Landan ba jirgi, ya mutu can cikin talauci bayan 'yan shekaru.

An daɗe ana ba da wannan labari da cewa wai jirgin tururi na farko a duniya ne jahilai suka lalata don tsoron ci gaba. Binciken masana tarihi ya nuna cewa ƙarfin hannu ne ke juya ƙafafun jirgin, babu injin tururi a cikinsa. A ganin marubucin wannan maƙala, gyaran nan bai rage wa labarin komai ba, ƙara masa ma'ana ya yi. Mutanen nan ba sabuwar fasaha suka tsorata ba, wataƙila ma ba su damu da yadda jirgin yake tafiya ba. Abin da suka gani shi ne jirgin baƙo yana shirin shiga Weser ba tare da ya sauke ba, sun kuwa san in ɗaya ya wuce yau, gobe goma za su ce ai an taɓa yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bisa dokar zamaninsu su ne masu gaskiya, ko da yake gaskiyar ba mai daɗin ji ba ce.

Bayan shekara 20 wani baƙon ya sake barin suna a garin. Johann Andreas Eisenbarth likitan yawo ne, mai bin kasuwanni da makaɗa da 'yan wasa don tara jama'a, yana cire yanar ido da tsakuwar mafitsara, yana aikin gwaiwa. Ya ƙware har sarkin Prussia ya ba shi muƙami. Ciwon ajali ya riske shi a wani masauki a Münden, ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, 1727. Can wajen shekarar 1800 ɗalibai suka yi masa waƙar zambo suka mai da shi likitan bogi, waƙar ta bi duniya ta danne gaskiyar aikinsa. Garin ya rungumi sunan, har akwai 'yan mutum-mutumi da ke fitowa daga bangon gidan majalisa suna kwaikwayon aikinsa.

Bayan An Janye Shingen

Taron manyan ƙasashen Turai da aka yi a Vienna a 1815 ya amince da cewa kogunan da suka ratsa ƙasashe da yawa su zama a buɗe ga kowa. A kan wannan ne ƙasashen bakin Weser suka sa hannu a wata yarjejeniya a shekarar 1823, wadda ta soke dokar jibge kaya. A garin Minden aka sa hannun, wancan mai kama da suna. Da farko abin bai nuna ba, domin fā yana nan, jirage suna ci gaba da sauya kaya, har ma aka gina sabon babban rumbun ajiya a bakin Werra wajen 1840, jiragen tururi kuma suka fara zirga-zirga a shekarun nan. Jirgin ƙasa ne ya yanke hukunci. A shekarar 1856 dogo ya iso daga Göttingen ya wuce Kassel, kayan da a da sai sun kwana uku a gaɓa suka koma wucewa cikin taragu a rufe.

Shi kansa dogon yana da abin lura. Hanya mai sauƙi daga Göttingen ita ce a bi kwari a faɗo Werra, amma wannan zai sa a taka ƙasar Hessen. Gwamnatin Hannover ta gwammace ta hau da shi kan tudu ta Dransfeld, hawa mai tsananin wuya ga injinan lokacin, don dai kada ya fita daga ƙasarta. Bayan shekara goma kacal, a 1866, Prussia ta haɗiye Hannover da Hessen gaba ɗaya, iyakar da aka sha wahala dominta ta zama ba ta da wani amfani. A 1980 aka daina ɗaukar fasinja a wannan layi.

Daga nan Münden ta koma ƙaramin gari na gefe. An buɗe makarantar koyon aikin gandun daji a 1868, ta yi suna, amma a farkon shekarun 1970 aka kwashe ta zuwa Göttingen. An sami 'yan masana'antu, ba su kai su sauya kamannin garin ba. A nan ne karin maganar nan da ke cewa wani hani ga Allah baiwa ne ta yi aiki. Da yake babu kuɗin rushe tsoffin gidaje a gina na zamani, sai aka bar su. Da yake kuma babu manyan masana'antun yaƙi, jiragen sama ba su mai da hankali a kan garin ba, alhali a daren 22 ga Oktoba, 1943 aka ƙone tsakiyar Kassel ƙurmus, dubban mutane suka hallaka. Abin da ya taɓa Münden a wannan shekarar ta ruwa ya zo. A watan Mayu jiragen Ingila suka fasa madatsar Eder, wadda aka gina tsakanin 1908 da 1914 domin ƙara wa Weser ruwa lokacin da ya ja baya, ambaliyar ta biyo Fulda ta shiga garin. Tsohon garin ya tsira da gidajen katako fiye da 700, su ne kuwa abin da baƙi ke zuwa kallo.

Kogunan ma sun ga canji. Daga 1945 zuwa 1990 saman Werra yana cikin Jamus ta Gabas, tsohuwar hanyar Thüringen ta toshe da waya da sojoji. Abin da kogin ya riƙa kawowa a shekarun nan shi ne ruwan gishiri daga ma'adinan da ake haƙo sinadarin takin zamani, har kifayen ruwan daɗi suka yi ta mutuwa. Gishirin ya ragu bayan haɗewar Jamus, amma bai ƙare ba. Jiragen da aka fi gani a mahaɗar yanzu na 'yan shaƙatawa ne da ƙananan kwale-kwale. Babban titin mota da ya haɗa arewacin Jamus da kudancinta ya tsallake kwarin Werra a kan wata doguwar gada gabas da garin. A shekarar 1991 kuma aka buɗe layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu tsakanin Hannover da Würzburg. Layin ya huda tudun Kaufunger Wald da ramin da ya fi kilomita 10 tsawo, aka sa wa ramin sunan Münden, amma ba a yi wa garin tasha a kan layin ba.